Agogon Inna da Hannun Baba

Bana shekara bakwai ke nan da aka kai Inna makwancinta a Matameye. Hajiya Habsu sunanta, mu 'ya'yanta muna ce mata Inna, 'yan unguwa kuma Hajiya mai agogo. Duk shekara in watan rasuwarta ya zagayo nakan rubuta wani abu a kanta a wannan fili, in faɗi haƙurinta da daɗin tuwonta, masu karatu su sa mata albarka, ni ma in ji sanyi a raina. Bana na zauna in yi haka, hannu ya ƙi. Hankalina ba a kwance yake ba, kuma abin da ya tayar da shi yana wajen wanda ta tafi ta bari, wato mahaifinmu.

Bari in fara da agogon, don shi ne bakin zaren. Babanmu, Alhaji Ilu, awon gyaɗa ya yi a zamanin da gyaɗa take gyaɗa, lokacin da manoma ke shigowa da ita kan jakuna daga ƙauyukan Kurni da Yauri. Yana aiki ne ƙarƙashin wani Bature mai saye wa kamfani. Da aka yi shekarar fari, cinikin ya karye, Baturen ya haɗa kayansa, ranar da zai shiga mota ya kwance agogon hannunsa ya sa wa Baba a tafin hannu. Agogo ne mai kusurwa huɗu, ya ɗan fi tsawo a kan faɗi, siriri, jikinsa zinari. Fuskarsa fara ce da ta koma ruwan madara, lambobinsa irin na Rumawa, allurorinsa shuɗi, can ƙasa kuma da wani ɗan zagaye inda ƙaramar allura ke bin daƙiƙa ba hutu. Ba shi da wani ado bayan wannan, amma duk wanda ya gan shi sai ya sake dubawa.

Juma'a ɗaya tak Baba ya ɗaura shi. Ana sallame salla limamin unguwa ya kamo hannunsa, ya juya shi, ya duba, ya ja shi gefe ya ce, “Ilu, wannan zinari ne. Zinari kuwa adon mata ne.” Baba bai yi gardama ba, ba halinsa ba ne. Sayarwa kuma bai iya ba, don a wurinsa kyauta ba ta shiga kasuwa. Ya dawo gida ya ajiye shi gaban Inna. Aka kai wa baduku ya ƙara huda fatar ɗaurinsa don ta kama siririn hannunta. Matan unguwa suka sha dariya, wai yau ga mace da agogon maza. Inna ba ta yi boko ba, ba ta san lamba ba balle ta Rumawa, sai Baba ya koya mata ta wurin da allurorin ke tsayawa. Kafin damina ta wuce ta fi shi saurin karantawa, kuma ba ta taɓa bari ya manta da haka ba.

Irin wannan agogo ba ya tafiya sai an murɗa ɗan kan da ke gefensa kowace rana. Inna tana iya yi da kanta, yatsun da ke tsince tsakuwa a shinkafa ba za su kasa murɗa agogo ba. Amma tun ranar farko Baba ne ya murɗa, haka kuma aka ɗore. In ya dawo daga sallar asuba sai ya tsaya a bakin ɗakinta ya yi gyaran murya, ya ce, “A kawo shi ya karya kumallo.” Ta miƙo hannu ba tare da ta kwance agogon ba, kanta a sunkuye, shi kuma ya riƙe tsintsiyar hannunta da hagunsa yana murɗawa da dama, a hankali, har ya ji ya yi tauri. Sannan ya ce, “Ƙarfe nawa?” ta faɗa masa, ya wuce zaure. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe na wancan zamani ya san nauyin abin da nake faɗa. Iyayenmu ba sa kiran sunan juna, ba sa cin abinci kwano ɗaya, ba sa jerawa a hanya. A duk tasowata, wannan ne kawai lokacin da na ga hannun Baba ya taɓa na Inna. Muna yara mun ɗauka aikin agogo ne. Ko sun yi faɗa da dare, kuma suna yi, Inna ba kanwar lasa ba ce, da safe sai an miƙo hannun nan ko da fuska na kallon bango.

Gidanmu ya zama wurin tambayar lokaci. Mai jego da aka ce ta sha magani ƙarfe kaza, mai son ta riski motar Damagaram, masu azumi ranar da hadari ya rufe rana, duk sai an leƙo an ce, “Hajiya, ina muke?” Ita kuma sai ta ɗaga mayafi, ta ɗan ja hannun rigar da yanga, ta faɗa, ta haɗa da tambayar jikin yaro ko labarin miya. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau, kowa da lokacinsa a aljihu, ba mai leƙa gidan wani don ya ji ƙarfe nawa. Ina jin cewa za ta yi, “To, da wane dalili za a riƙa shiga gidan mutane?” Ta san sarai rabin masu zuwa ba lokacin ne ya kawo su ba.

Da ta rasu aka zo rabon gado, ba a yi ja-in-ja ba. Mun miƙa wa Baba agogon, ya kawar da kai ya ce na mata ne, a fitar da shi daga gabansa. 'Yan'uwana suka ce ni ce babba, ya faɗo cikin rabona. Na naɗe shi a ƙyalle na tafi da shi Damagaram inda nake koyarwa, na sa a akwati, ina fito da shi jefi-jefi in murɗa don kada ya daskare. Kowa ya ga an yi daidai, ni ma haka na gani.

Sai dai ni ɗiyar fari ce. Masu karatu na birni 'yan bana-bakwai, ku tambayi kakanninku abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana so na, cewa yake, “Ina waccan?” ko “Ku kira yayarku.” In na durƙusa gaishe shi, amsawa yake yana duban wani wuri, in kuma zai yi mini faɗa ko nasiha, ta bakin Inna take biyowa. Ban taɓa jin haushin haka ba, na san kunya ce, kuma na san ranar da aka kai ni gidan miji shi ne ya kasa cin tuwo. Amma da Inna ta tafi, hanyar da ke tsakanina da shi ta tafi da ita, muka koma gaisuwa da addu'a.

Shekarun farko bayan rasuwar, Baba ya riƙe kansa yadda dattijo ke yi. Yana zuwa masallaci, yana zama majalisa a gindin dogon yaro, ran kasuwa yana zagayawa ya ji farashin hatsi da rake ko da ba abin da zai saya. Daga baya abokan majalisar suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, gwiwa ta fara damunsa, gonar hanyar Kurni ya bar wa ƙannena. Duk wannan mun gani, amma gani irin na wanda ke zuwa ƙarshen wata ya kwana biyu ya koma. In ka tambaye shi jiki ya ce da godiya. In ka tambayi Balki, matar ƙanena Sanusi, wadda ke zaune a gidan tana kula da abincinsa, ta ce, “Baba lafiya lau, yana zaure.” Kullum yana zaure. Ba wanda ya tsaya ya ji nauyin wannan amsa.

Bara da kaka Sanusi ya dawo daga Kano da ɗan akwati a hannu yana ta fara'a. Ɗan kasuwa ne, kuma Allah ya yi masa buɗi. Wai yana wucewa ta wani kanti ya hango agogon Inna a bayan gilashi, ya tsaya cak. Ashe kamfanin da ya ƙera na farko ne ya waiwayi tsohon yayi ya sake fito da shi. Kusurwa huɗun nan, lambobin Rumawan nan, shuɗin allurorin, har ɗan zagayen daƙiƙa, duk suna nan. An dai ƙara masa ɗan faɗi da kauri, fuskar fara fat ba ta yi tsufa ba, jikinsa kuma farin ƙarfe ne, wanda ba malamin da zai hana namiji. Bayansa gilashi ne, kana hango cikinsa, da wani ƙarfe mai kamar rabin wata yana lilo duk sa'ad da aka motsa. Sanusi ya durƙusa ya ce, “Baba, wannan naka ne, halal ɗinka. Kuma ba ya son murɗawa, da kansa yake tafiya.” Baba ya juya shi a hannu ya daɗe, ya ce, “Sun iya.” Ya sa wa Sanusi albarka, ya bari aka ɗaura masa.

Ni na yi murna, kada in yi ƙarya. Bayan shekaru masu yawa mutumin da aka ba agogo ya samu ya ɗaura. Amma a raina na ji muryar Inna tana cewa, “Agogon da ba ya bukatar kowa? To, Allah ya ba shi lafiya.” Ita da ta ga sabon, na san za ta yaba kyansa, za ta auna nauyinsa a tafin hannu, sannan ta mayar ta ce kama da wane ba ta wane.

Ba a yi nisa ba Balki ta aiko cewa agogon Baba yana tsayawa. A gyara masa lokaci, ya yi kwana ɗaya ko biyu, a wayi gari ya tsaya. Sanusi ya hau sama, ya rantse an sayar masa da jabu, ya ce sai ya koma Kano an yi ta ta ƙare. Na ce ya dakata mu nuna wa mai gyaran agogo a nan Damagaram tukuna. Mutumin ya buɗe, ya duba, ya ce a bar masa shi ya ɗaura a hannunsa na 'yan kwanaki. Da muka koma ya miƙo mana shi yana tafiya daidai.

“Alhaji, agogonka lafiya lau yake,” in ji shi. “Wannan ƙarfen da ke lilo a baya shi ke murɗa shi, kuma motsin hannun mai shi ke sa shi lilon. Tafiya, aiki, ɗauke wannan ajiye wancan. Wa ke ɗaura shi?”

Sanusi ya ce, “Babanmu.”

Mai gyara ya ce, “To, ku duba Baba.”

Muka yi masa godiya muka fito. Ranar Asabar na tafi Matameye, na zauna a tsakar gida inda nake hango zaure ta ƙofa, na yi yinin nan ina kallon mahaifina yadda ban taɓa yi ba. Yana zaune a tabarma ya jingina da bango, hannayensa a kan gwiwa. Rana ta hau, ta karkata, inuwa ta canza wuri, shi bai canza ba. Sallolinsa a zaune yake yi a nan inda yake. Abinci in an kawo ya taɓa ya ture. Ba ya nishi, ba ya kuka da komai, wanda ya shigo ya gaishe shi ya amsa da kyau, yana fita ya koma yadda yake. Mutumin da a da buhun gyaɗa ba ya gagarar sa, yau motsin da zai ishi agogo ya gagare shi. Na shiga ɗakin Inna na yi kuka na, na wanke fuska na fito.

Mun kai shi likita. Aka auna, aka ce jini ya ɗan hau, gwiwa kuma ta tsufa ce, ba wani ciwo da za a nuna da yatsa. A dai riƙa sa shi yana tattaki, yana shiga mutane. Faɗa da sauƙi. Wa zai ce wa Alhaji Ilu tashi ka zagaya? Sanusi yana hanya kullum. Balki suruka ce, ko ido ba ta haɗawa da shi. Jikokinsa mata da zai yi wasan kaka da su ƙanana ne, ba su san ma yana bukatar komai ba. Mai iya cewa, “Kai, tashi, ka zauna kamar an dasa ka,” ya yi tsaki ya tashi, tana kwance a maƙabarta.

A nan ne dabara ta zo mini, kuma na ɗauka ta gari ce. Na fito da agogon zinarin daga akwati, na bar shi ya tsaya, na ɗaura a hannuna. Da asuba, bayan ya idar da salla, na shiga zaure na durƙusa na gaishe shi, sannan na miƙa hannu na ce, “Baba, ya tsaya.” Ya dubi agogon. Na ga yatsunsa sun motsa a kan gwiwarsa, sun ɗan ɗago, sannan suka koma. Ya kawar da fuska wajen bango ya ce, kamar da wani yake magana, “Ku ce mata a hankali ake murɗa shi. In ya yi tauri a bari.” Daga ni sai shi a zauren. Na janye hannuna da kunya ta rufe ni, na fita. Sai a ranar na gane abin da muka yi wajen rabon gado, mun ɗauki agogon mun ba mutum ɗaya a duniya wadda ba zai iya riƙe hannunta ba.

Da na koma Damagaram na fito da wata hanyar. Kowace safiya kafin in tafi aji, in kira wayar Balki ta kai masa, in gaishe shi, sannan in ce, “Baba, ƙarfe nawa a wurinku?” sai ka ce Matameye da Damagaram ba rana ɗaya ke fito musu ba. In ya faɗa ya yi daidai da nawa, na san jiya ya motsa. In ya ce agogon ya tsaya, in hau kiran ƙannena, ku je ku ɗauke shi ku kai shi masallacin Juma'a, ku kai shi ya ga gona. Da farko yana tsayawa a kai a kai. Sannan ya daina. Wata ya bi wata, kullum lokacin Baba daidai. Na fara barci da kyau. Har na yi wa Sanusi gori cewa ni da ban sayi komai ba na fi shi sanin amfanin agogonsa.

Makon jiya na je gida don sadakar cikar shekarar Inna. Muna madafa ni da Balki muna dama gumba, na lura tana ta satar kallona. Can ta ce, “Yaya, akwai maganar da nake ta juyawa a raina. An ce kada in faɗa, amma ta yi mini nauyi.”

Na ce, “Faɗi.”

Ta ce, “Baba fa ba ya fita. Yana nan yadda kika bar shi. In ya idar da asuba sai ya kwance agogon ya riƙe a tafin hannu ya yi ta kaɗa shi a hankali, ya daɗe yana yi. In rediyo ta faɗi lokaci ya duba ko ya yi daidai, ya mayar ya ɗaura, ya zauna jiran wayarki. Ranar da na gan shi ya ce mini, kada ki faɗa wa waccan, tana da aikin gabanta, kada hankalinta ya rabu biyu.”

Na ajiye muciya na zauna a kan turmi. Ban san wanda ya gaya masa abin da mai gyara ya ce ba, wataƙila ba kowa. Ya yi rabin rayuwarsa a bakin sikeli, ba yau ya fara gane ana auna abu ba. Ni ina can ina yaba wa kaina, ashe dattijon ya karanta ni tun tambayar farko.

Tun ranar nake auna abin da ya rage na Inna, kuma lissafin ya ƙi tsaya mini wuri ɗaya. Agogonta yana nan, zinari ba ya tsatsa, zai kai jikokina in Allah ya so. Siffarsa ma ga ta ta sake fitowa sabuwa a kantunan birni, matasa na sha'awa ba su san wata mata ta taɓa yawo da irinsa a lungun Matameye ba. Waɗannan duk sun tsira ba da taimakon kowa ba. Abin da ban san ko zai tsira ba shi ne mutumin da ta saba wa tashi kowace safiya da wani a ransa. Wani lokaci in ce ai alhamdu lillahi, ga shi har yanzu yana da abin da yake tashi dominsa, ko da ruɗin ɗiyarsa ne. Wani lokaci kuma in ce ke Hadiza, yaudarar kanki kike, kaɗa agogo ba tafiya ba ce, gwiwar nan tana ƙara sandarewa kina nan kina jin daɗin an damu da ke. Da Inna na nan da ta raba mini gardamar da magana ɗaya, ta haɗa da zagi.

Masu karatu, ku sa Hajiya Habsu a addu'a, Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Amma bana ina roƙon ku ƙara da mai rai. Na nemi a maido ni aiki kusa da gida, ban san ko za a yarda ba, ban kuma san abin da zan iya yi masa ba ko na dawo, ni da ba ya iya duban idona.

Ban nuna masa na sani ba, na kuma roƙi Balki ta yi shiru. Yau ma da safe na kira. Na ji takun Balki zuwa zaure, na ji ya karɓi wayar, na gaishe shi, na ce, “Baba, ƙarfe nawa a wurinku?” Ya ɗan yi jim kamar yana dubawa, ya faɗa. Daidai da nawa. Na ce madalla, ya ce Allah ya yi albarka, a gaida yara. Na ajiye wayar. A da ina tsoron ya ce mini agogon ya tsaya don bai fita ba. Yanzu na san ranar da ya tsaya, hannun ne ya kasa kaɗa shi.